Kula da Yaron da Ke Jiran Dashen Zuciya: Bayani ga Iyaye da Shugabannin Al'umma

Dashen zuciya shi ne cire zuciyar da ta kasa aiki, a sanya wata lafiyayya da aka samu daga wanda ya rasu. Likita Christiaan Barnard ne ya fara yin sa a asibitin Groote Schuur da ke Cape Town, Afirka ta Kudu, ranar 3 ga Disamba, 1967. Aikin bai zama abin dogaro ba sai a shekarun 1980, bayan samuwar maganin cyclosporine mai hana jiki ƙin sabuwar zuciya.

Muna so jama'a su fahimci cewa ba kowane yaro mai ciwon zuciya ne ke buƙatar dashe ba. Kusan jariri 1 cikin 100 ana haihuwarsa da tawayar zuciya, kuma da yawa tiyatar gyara ta ishe su, irin wadda aka fara yi a ƙasar nan a Asibitin Koyarwa na Enugu a 1974. Ana kai wa ga dashe ne idan naman zuciyar kansa ya raunana, magani da gyara suka gaza.

Dalilin jira

Dashe bai zama aikin yau da kullum a asibitocin Nijeriya ba, don haka akasari sai an fita waje, kamar Indiya ko Afirka ta Kudu. Ko an isa can, sai an sami zuciyar da ta dace da rukunin jinin yaron da girman jikinsa. Zuciyar da aka cire ba ta jure fiye da awa 4 zuwa 6 kafin a dasa ta, shi ya sa ake umurtar iyali su zauna kusa da asibitin. Jiran kan ɗauki watanni, kuma gaskiya ita ce wasu yaran ba sa kai wa ga ranar. Kulawar gida ce ke taimaka wa yaro ya kai da ƙarfinsa.

Kulawa a gida

Magani ne kan gaba. A ba shi a kan lokaci, kada a tsallake, kada kuma a daina don an ga sauƙi. Maganin sa fitsari, irin su furosemide, yana rage ruwan da ke taruwa a huhu da ƙafafu. Amma idan yaro ya kamu da gudawa ko amai, a sanar da likita nan take, domin ruwan jikinsa na iya ƙarewa. Kada a sayi maganin ciwon jiki a kemis ba da izini ba, musamman ibuprofen, wanda ke riƙe ruwa a jiki. Haka nan jiƙo, da tsaga, da ƙaho: mun sha ganin an kumbura ciki an ce shawara ce ko sammu, alhali zuciya ce ta gaza.

Wajen abinci, a rage gishiri da dunƙulen magi, a guji kanwa. Yaro mai irin wannan ciwo yana saurin gajiya wajen ci, jariri ma har gumi yake yi a kan nono. A riƙa ba shi kaɗan-kaɗan, sau da yawa, mai gina jiki: kunun gyaɗa, wake, ƙwai, kifi. Idan da hali a auna nauyinsa kowace safiya a rubuta a littafi. Hauhawar nauyi cikin kwana biyu ko uku ruwa ne, ba ƙiba ba.

Ya kwana cikin gidan sauro, a ɗaga kansa da matashi. A nisanta shi da hayaƙin murhu da masu mura, a rufe masa hanci lokacin ƙurar hunturu. A kammala masa riga-kafi da shawarar likitansa, domin akwai alluran da ba a yi bayan dashe. A kuma kula da haƙoransa, tunda ƙwayoyin cuta na bi ta dasashi su kai ga zuciya.

A garzaya asibiti, ko da tsakar dare ne, idan numfashi ya yi sauri ko wuya, leɓe ya yi shuɗi, ya suma, fitsari ya ragu, ko zazzaɓi ya taso.

Wani abin da ake mantawa shi ne uwa. Ita ke kwana a zaune, don haka dangi su riƙa karɓar ta, a kuma kula da sauran yaran gidan.

Matsayin addini da doka

Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar gaɓa daga mamaci da izininsa ko na magadansa, ta haramta sayar da ita. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ita ma ta hana cinikin sassan jiki. Duk wanda ya ce zai sayar muku da zuciya, ɗan damfara ne.

Kira ga shugabanni

Muna roƙon hakimai, dagatai, masu unguwanni da jami'an ƙananan hukumomi su taimaka wajen samar da motar gaggawa da takardun tafiya. Kafin a buɗe asusun neman taimako, a tabbatar da rahoton likita daga asibitin koyarwa, kuma a lissafa har da kuɗin maganin da yaron zai sha tsawon rayuwarsa bayan dashe, domin nan ne iyalai da yawa ke makalewa. Sannan a riƙa tunatar da iyaye cewa ciwon maƙogwaro mai zazzaɓi, idan ba a yi maganinsa a asibiti ba, yana iya lalata ƙofofin zuciyar yaro, alhali penisilin mai araha yana hana hakan.