Nana Asma'u da 'Yan Taru

Ɗan'uwa mai karatu a ƙasar Gure, ga labari. An haifi Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a 1793. Ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa. Da ta ga matan karkara ba su jin Larabci, sai ta zuba musu ilimi cikin waƙoƙin Hausa. Ta zaɓi dattijan mata ta naɗa su jaji, kowace da malfarta. Jaji ta haddace, ta koma ƙauye ta koya wa 'yan'uwanta da baki. Nana ta rasu a 1864, amma 'yan taru suka ci gaba.

To, kai da ka iya karatu, koya wa maiɗakinka cikin harshenta, ban da tsawa, ban da gori. Sannu ba ta hana zuwa.