Yadda Aka Rufe Majami'ar Jesuit Bend

A da, a kudancin Amurka, ko a ɗakin ibada baƙar fata ba su zama sahu ɗaya da Turawa. Kujerun baya ne rabonsu.

A shekarar 1953 babban limamin Katolika na New Orleans, Joseph Rummel, ya aika da takarda ga majami'unsa duka, ya hana wannan wariya. Kunne ya ji, amma zuciya ba ta karɓa ba. Cikin 1955 aka aiki wani limami baƙar fata, Fada Gerald Lewis, ya ja ibada a ƙauyen Jesuit Bend. Waɗansu Turawa suka tare shi, suka ce ba zai shige musu gaba ba. Da labari ya kai ga Rummel, sai ya rufe majami'ar, ba a sake buɗe ta ba sai 1958.

A 1962 kuma ya umarta a haɗa yara, farare da baƙaƙe, a makarantun ikilisiya. Mutum uku da suka ja masu gardama, har da Leander Perez, ƙusa a lardin Plaquemines, ya kore su daga ikilisiya. A watan Satumba makarantu suka buɗe a haɗe, ko da yake waɗansu iyaye sun janye 'ya'yansu.