Rinin da ke samar da lantarki: daga karan dafi da zoɓo zuwa faifan sola da fuskar waya

A ƙasar Hausa ana danganta rini da tufa da fata. Marinan Ƙofar Mata da ke Kano, waɗanda ake cewa an kafa a 1498, har yanzu suna tsoma ƙyalle a cikin baba, dukawan Sakkwato kuma sun daɗe suna jeme fatar jar akuya da bagaruwa, su rina ta da karan dafi. Wannan fata ce ta riƙa ƙetare hamada har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko, ƙasar da ta bi ta cikinta kafin ta isa gare su. A yau akwai wani reshe na kimiyyar sinadarai da ke ƙera rini domin aiki dabam: ya sha hasken rana ya ba da lantarki, ko ya sha lantarki ya ba da haske. Na farkon shi ne tushen wani nau'in faifan sola, na biyun kuwa yana cikin fuskar wayoyi da talabijin masu tsada.

Yadda launi ke samuwa

Hasken rana gauraye ne na launuka. Rini yana shanye wani ɓangare ya mayar da sauran zuwa ido, abin da ya mayar ɗin shi ne launin da ake gani. Zoɓo yana shanye kore, shi ya sa yake bayyana ja. Baba yana shanye ruwan lemo da ja, sai ya bayyana shuɗi. Irin rinin da ake magana a nan an gina shi ne a kan sinadarin kabon, wanda ƙwayoyinsa ke jeruwa kamar sarƙa ko zobba, kuma ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektaron suna iya zirga-zirga a kan wannan jeri. Idan haske ya faɗa a kai, ilektaron ɗaya yakan yi tsalle zuwa matakin ƙarfi na sama. Gwargwadon tsawon jerin, gwargwadon yadda hasken da ake shanyewa ke karkata zuwa ja. A jikin riga, ƙarfin da ilektaron ya samu yana komawa zafi ne kawai. Aikin mai ƙera rinin sola shi ne ya cafke ilektaron ɗin kafin ya faɗo, ya tura shi cikin waya.

Ƙera rini a ɗakin gwaji tsohuwar sana'a ce. William Perkin na Ingila ya samo rinin roba na farko a 1856 yana ɗan shekara 18, a ƙoƙarinsa na haɗa maganin zazzaɓin cizon sauro. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da baban da aka haɗa a masana'anta, abin da ya karya kasuwar noman baba a Indiya, ya kuma iso kasuwannin Afirka ta Yamma daga baya.

Faifan sola mai rini

A 1991 Brian O'Regan da Michael Grätzel suka wallafa sakamakon wani faifai da ke mayar da kusan kashi 7 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa zuwa lantarki. Grätzel malami ne a kwalejin fasaha ta tarayya da ke Lausanne a Switzerland, kuma wannan aiki ya sa aka ba shi kyautar Millennium ta fasaha a 2010.

Ginin faifan mai sauƙi ne. Ana shafa farar hodar titaniyom dayoksaid, wadda ita ce ke sa farin fenti ya yi fari, a kan gilashin da ke ɗaukar lantarki, a gasa ta a zafin kusan digiri 450. Ƙwayoyin hodar ƙanana ne ƙwarai, don haka shimfiɗar takan zama kamar soso, filin da ke cikinta ya ninka na gilashin kusan sau dubu. Sai a jiƙa ta a cikin rini har ya kama kowane lungu. A rufe da gilashi na biyu, a ɗura ruwan sinadari mai ɗauke da aidin a tsakani. Haske ya bugi rini, rini ya miƙa ilektaron ga hodar, hodar ta kai shi gilashi, ya bi waya ya yi aiki, ya dawo ta gilashi na biyu, ruwan aidin ya mayar wa rinin abin da ya rasa. Haka zagayen ke maimaituwa muddin akwai haske.

Wahalar tana wajen rinin. Dole ya kasance yana da wani ɗan ƙugiya na sinadari da zai maƙale a jikin hodar, in ba haka ba ruwan zai wanke shi. Dole matakin da ilektaron ke hawa ya ɗara na hodar tsawo kaɗan, domin ilektaron kamar ruwa yake, gangare yake bi. Idan tazarar ta yi yawa an yi asarar ƙarfi, idan ta yi kaɗan ba zai gangara ba. Matakinsa na ƙasa kuma dole ya kasance ƙasa da na ruwan aidin, domin a iya cike masa gurbi. Saboda haka masu ƙira sukan gina ƙwayar rinin kashi uku: gefe ɗaya mai ba da ilektaron, gada a tsakiya, da gefe mai janyo shi, wanda a nan ne ƙugiyar take, ta yadda haske na faɗawa ilektaron zai nufi hodar kai tsaye. Sukan kuma ƙara wasu rassa masu kauri a jiki don hana ƙwayoyin cunkushewa, domin idan suka manne wa juna sukan kashe ƙarfin junansu. A yanzu akan gwada ɗaruruwan siffofi a kwamfuta kafin a haɗa guda ɗaya a kwalba.

Rinin farko da ya yi nasara yana ɗauke da ruteniyom, ƙarfe mai tsada da ƙaranci, dangin filatinom. Wannan ne ya sa aka koma neman rinin da babu shi a ciki. A 2014 wani rini mai siffar koren sinadarin ganye ya kai kashi 13, a 2022 kuma masu bincike a Lausanne suka haɗa rini biyu suka wuce kashi 15. Faifan silikon da ake sayarwa a kasuwa yana ba da kashi 20 ko fiye.

Rinin gida

A nan ne batun ya shafi Arewa. Sinadarin da ke ba zoɓo launi, wanda ake kira antosayanin, yana da irin ƙugiyar da ke kama farar hodar ba tare da an yi masa komai ba. Jan karan dafi, wanda ake samu a ɓawon ganyen wata irin dawa, ɗan uwansa ne na kusa, kuma an san shi da jure zafi fiye da na zoɓo. Lalle ma yana da sinadarinsa, wanda ke kama fata da farce. Ɗalibai da malamai a jami'o'in Najeriya sun yi gwaje-gwaje masu yawa da zoɓo da lalle da ganyaye iri-iri, domin kayan suna da araha kuma ba su da guba. Ana iya haɗa ɗan ƙaramin faifai a ɗakin gwaji na makarantar sakandare, a shafa baƙin hayaƙin kyandir a gilashi na biyu, a samu kusan rabin bolt a rana tsaka.

Sai dai lissafin ba ya daɗi. Yawancin faifan da aka yi da rinin tsirrai ba sa kai kashi 1, waɗanda suka yi fice ma da ƙyar suke kai 2. Rinin tsiro yana shanye ɗan siririn ɓangaren haske ne, yana zuwa gauraye da sukari da wasu sinadarai masu toshe hodar, kuma yana kwaɗewa a rana, abin da duk mai shanya tufa ya sani. Baba, sarkin rinin Hausa, ya fi kowa ba da kunya a nan, domin ba shi da ƙugiyar, ba ya kuma narkewa a ruwa sai an jiƙa shi a toka ya ruɓa, kamar yadda ake yi a karofi. Amfaninsa ya fito ta wata ƙofa: masu bincike a Linz ta Austriya sun nuna cewa siririyar shimfiɗar baba tana ɗaukar lantarki kamar silikon, kuma ana gina wasu robobin lantarki a kan wani ɗan uwansa da ake haɗawa a ɗakin gwaji.

Yanayin Sakkwato ma jarrabawa ce. Yankin yana samun kimanin kilowat-awa 6 na hasken rana a kan kowace murabba'in mita a yini, kuma Cibiyar Binciken Makamashi ta Sakkwato da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana aiki a kan hasken rana tun shekarun 1980, ita ce ta samar wa ƙauyen Kwalkwalawa lantarkin sola a matsayin gwaji. Amma a watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a inuwa, faifan da ke kan kwano kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. Ruwan da ke cikin faifan rini yana kumbura a irin wannan zafi, ya nemi hanyar tsiyaya, idan ya bushe kuwa faifan ya mutu. Don haka faifan da ke kan rufin shagon cajin waya ko famfon burtsatse a garuruwa irin su Danchadi da Bodinga da Shagari na silikon ne, kuma ɗan kasuwan da aka yi wa tallar faifan rini domin rufin gida ya kamata ya nemi ganin takardar garantinsa kafin ya taɓa aljihu.

Inda faifan rini ya fi silikon shi ne a haske mai rauni. A ƙarƙashin fitilar ɗaki an auna masa kusan kashi 30. Ana iya yin sa da launi, haske kuma ya ratsa shi: zauren taro na SwissTech da aka buɗe a Lausanne a 2014 yana da bangon gilashi na irin wannan faifai. Kamfanin Exeger na Suwidin yana saka shi a jikin na'urar sauraro ta kunne domin ta riƙa cajin kanta.

Fuskar waya da talabijin

Idan aka juya aikin, aka tura lantarki cikin siririyar shimfiɗar sinadarin kabon, ilektaron yakan faɗo daga matakin sama ya saki haske. Ching Tang da Steven Van Slyke na kamfanin Kodak a Amurka ne suka nuna haka da ƙaramin ƙarfin lantarki a 1987, wannan shi ne asalin fuskar OLED. Kowane ɗigo a cikinta yana ba da haskensa da kansa, ja ko kore ko shuɗi, ɗigon da aka kashe kuma baƙi ƙirin yake, ba ya cin batir. Fuskar LCD dabam take: fitila ɗaya ce a baya, hasken yana ratsa ƙananan matatan launi, su ma da rini aka yi su.

Matsalar farko ta OLED ita ce kashi 25 kawai na ƙarfin ke iya zama haske, sauran 75 yana tafiya a zafi. A ƙarshen shekarun 1990 masu bincike a Amurka suka warware wannan da sinadarai masu ɗauke da filatinom da iridiyom. A 2012 Chihaya Adachi na Jami'ar Kyushu a Japan ya nuna ƙirar da ke kwato wannan kaso ba tare da ƙarfe mai tsada ba. Shuɗi ne ya rage da taurin kai, domin haskensa ya fi sauran ƙarfi, yana karya sinadarin da ke samar da shi. Shi ya sa tsohuwar fuskar OLED ke karkata zuwa rawaya, ko inuwar alamar batir da agogo ta zauna daram a samanta. Masu gyaran waya a Farm Centre da ke Kano suna da farashi biyu idan fuskar irin wannan waya ta fashe: na OLED ta asali, da na LCD mai araha da ake sakawa a madadinta, wadda ta fi kauri, ta fi cin batir, kuma sau da yawa na'urar karanta zanen yatsa da ke ƙarƙashin gilashin ba ta ƙara aiki da ita.