Ɗumin jego da jaririn da ya yi gaggawar zuwa

A ƙasar Daura, daga birni har Mai'aduwa, Zango, Sandamu da Baure, al'adar jego ta ginu ne a kan tsoron sanyi. Kwana arba'in ake tafasa ruwa safe da yamma, mai jego ta riƙa fyaɗa shi a jikinta da ganyen runhu ko na darbejiya, ta sha kunun kanwa, a da ma har ta kwanta a gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Sai dai uwa aka yi wa wannan tanadi. Jariri kuwa, da ungozoma ta yanke cibi sai wanka, a gidaje da yawa kuma a hana shi dakashi, wai ƙazanta ne.

Bakwaini ba ya ɓuya, duk wanda ya gan shi ya san sai an lallaɓa. Wanda al'ada ta kasa gani shi ne jaririn da aka haifa a mako na 34 zuwa 36 na ciki, domin a lissafin ganin wata ana iya cewa cikinsa ya isa haihuwa. A ido ya cika mutum, amma kitsen da zai riƙe masa ɗumi bai taru ba, tsotsonsa ba ƙarfi, sikarin jininsa na saurin faɗuwa, shawara na saurin kama shi. A wanke irin wannan yaro da asubar hunturu, a jinkirta masa nono, ya yi ta barci ana yaba masa haƙuri, alhali ƙarfi ne ke ƙare masa.

Za a ce ai da wannan al'ada kakanninmu suka raini al'umma. Haka ne, amma waɗanda suka rayu ake ƙirgawa; wanda ya koma kafin suna ba ya shiga lissafin kowa. Ko uwar ma ba ta tsira ba: binciken Davidson da Parry a Zariya, wanda aka buga a 1978, ya danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kanwa da zafi. Duk da haka ban ga dalilin yin watsi da jego ba, don hutun arba'in da kulawar tsofaffi gata ne babba. Abin da ya rage shi ne jariri ma ya sami nasa ɗumin. A shekarar ta 1978 likita Edgar Rey ya fara ɗora ƙananan jarirai a ƙirjin iyayensu mata a Bogota, fata da fata, saboda ƙarancin kwalabar reno. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar haka tun daga haihuwa, a kuma jinkirta wankan farko awa 24. Mai hana wannan a Daura ba kuɗi ba ne; ya fi zama kunyar ɗan fari, wadda ke sa yarinya ta ƙi rungumar ɗanta a gaban surukai.