Hanyar Takieta da Barcin Masu Wankin Ƙoda

Takieta mararraba ce. Nan hanyar Matamai da Kano ke rabuwa da babban titin Yamai, kilomita kusan 50 yamma da Damagaram. Shekaru da yawa, mai ciwon ƙoda daga wannan yanki kan bi titin nan har asibitin Lamorde a Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, domin can kaɗai injin wankin ƙoda yake. Gona da iyali sai a bar su a baya.

Injin kansa ba tsoho ba ne. Willem Kolff ya ƙera shi a Holan a 1943, sai a 1960 Belding Scribner ya samo dabarar maimaita wankin tsawon rayuwa.

Da babban asibitin Damagaram ya samu nasa injuna, tafiya ta ragu, amma dare bai yi sauƙi ba. Ƙaiƙayi na hana runtsawa, ƙafafu su ƙi zama wuri guda. Majinyaci ya yi sammakon neman mota, ya yi gyangyaɗi awa 4 jikin inji, da dare kuma ido biyu. Wannan wahala ta cancanci likita ya riƙa tambayarta kamar yadda yake auna hawan jini.