BABI NA UKU: TARIHIN MAGANIN ƘURAJEN GABA A SABON GARIN WUDIL

3.0 Gabatarwa

Wannan babi zai yi ƙoƙarin bin diddigin yadda Bahaushe ya fahimci ƙuraje masu zafi da ke fitowa a gaban ɗa namiji, da kuma sauye-sauyen da aka samu wajen maganinsu. An ɗauki Sabon Gari ta ƙaramar hukumar Wudil a matsayin misali, domin Wudil tana kan hanyar Kano zuwa Maiduguri, kuma kasuwarta ta ranar Juma'a tana tara fatake da direbobi da masu tallar magani daga wurare daban-daban.

3.1 Kafin Zuwan Turawa

Kafin Turawa su ci Kano a 1903, wanda wannan larura ta sama yakan nufi wanzami ko boka ko mai saiwa. Bahaushe ya san tunjere, ya san ciwon sanyi, ya kuma san ƙazuwa, har ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya kawo waɗannan sunaye. Dalilan da akan jingina wa ciwon sun haɗa da neman mata, da ƙazanta, da zafin jini, wani lokaci kuma a ce sammu ne. Magani kuwa bai wuce jiƙon saiwa da sassaƙe ba, kamar na maɗaci da marke, sai wanke wurin da ruwan bagaruwa a shafa man kaɗanya. Irin wannan wanki yakan busar da gyambo, amma ba ya kashe ƙwayar cutar da ke cikin jini.

3.2 Zamanin Mulkin Mallaka

A 1889 Ducrey ya gano ƙwayar cutar da ke haddasa gyambo mai laushi da zafi a gaba. A 1905 Schaudinn da Hoffmann suka gano ta tunjere a Jamus, sannan a 1910 Paul Ehrlich ya fito da maganin Salvarsan. An buɗe Asibitin Cikin Gari na Kano, wanda yanzu ake kira Asibitin Murtala, a ƙarshen shekarun 1920, kuma ta irin waɗannan asibitoci talakawa suka fara sabawa da allura. Babban sauyi ya zo a 1943, lokacin da aka tabbatar a Amurka cewa fenisilin yana warkar da tunjere. Daga nan allura ta samu daraja ƙwarai a idon jama'a.

3.3 Zamanin Kemis

Bayan samun 'yancin kai a 1960, shagunan kemis sun yawaita a garuruwan kan hanya irin su Wudil. Saboda kunya, magidanci ya fi son ya raɗa wa mai kemis ko mai tallar magani a kasuwa, maimakon ya kwance wando a gaban likita a Babban Asibitin Wudil. Wasu sukan ɓare kafso su barbaɗa a kan ƙurjin. A nan ne matsalar take, domin ƙurajen gaba ba iri ɗaya ba ne:

(a) Ƙananan ƙuraje masu ɗurar ruwa da raɗaɗi, waɗanda ke fashewa su warke su sake dawowa, bairos ne ke kawo su. Kafso ba ya taɓa su. Tun shekarun 1980 akwai maganin asaikulobiya da ke rage tsananinsu, amma ba ya raba mutum da ƙwayar.

(b) Ƙazuwa takan zo da ƙaiƙayi mai tsanani da dare, kuma sai an yi wa dukkan mutanen gida magani tare.

(c) Ƙurjin tushen gashi yakan biyo bayan aski da reza, kuma galibi tsafta da gashi da ruwan ɗumi sun ishe shi.

(d) Gyambon tunjere yawanci ba shi da zafi, kuma yakan baje da kansa cikin mako 3 zuwa 6. Mai shi sai ya zaci ya warke, alhali cutar ta shiga jini, za ta iya kama matarsa, ta zubar da ciki ko a haifi jariri da ita.

3.4 Daga 1986 Zuwa Yau

A 1986 Nijeriya ta ba da sanarwar samun ƙanjamau a ƙasar. Bincike ya nuna cewa gyambo a gaba yana buɗe wa ƙwayar wannan cuta ƙofa. Don haka a shekarun 1990 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa tsarin ba da magani bisa alamomi tun zuwan farko, tare da yi wa abokiyar zama magani. A 2017 kuma ƙyandar biri ta ɓulla a jihar Bayelsa, aka ga maza da dama da ƙuraje masu zafi a gaba.

3.5 Kammalawa

Daga abin da ya gabata, za a ga cewa magunguna sun sauya cikin shekara ɗari, amma kunya ba ta sauya ba. Bahaushe ya saba auna girman ciwo da zafinsa, ga shi kuwa gyambon da ba ya zafi shi ne ya fi ɓarna ga iyali. Masu iya magana sun ce mai ɓoye ciwonsa, ciwo zai ɓoye shi. Babi na gaba zai dubi matsayin wanzamai a wannan fage.