Ganuwar Kurfi a Kan Takarda

A watan Maris na 1853, Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasarmu suka sani da Abdulkarim, ya fito daga Katsina zai tafi Sakkwato, hanya ta biyo da shi ta Kurfi. Abin da ya tarar ya ɗaure masa kai: ganuwa ninki uku, gwalalo biyu kewaye da ita, ga kuma wasu ramukan tsaro tun kafin a iso ƙofa. An shaida masa cewa garin bai wuce shekara uku da kafuwa ba, mazaunansa kuwa tsirarun da suka tsira ne daga garuruwan da yaƙi ya ci. Zamani ne da mahayan Maraɗi da Gobir suka hana yammacin ƙasar Katsina barci.

Barth ya zana fasalin wannan tsaro. Da ya koma Turai aka sassaƙa zanen a kan katako, aka shafa tawada, aka buga shi cikin littafin tafiye-tafiyensa mai juzu'i biyar, wanda ya fito a 1857 da 1858. Manyan hotunan littafin, irin na birnin Kano daga kan Dala, a kan dutse aka zana su kafin a danna a takarda, kuma mai zane Johann Martin Bernatz ne ya ƙawata su daga ɗanyen zanen Barth. Bernatz bai taɓa taka Kano ba. Saboda haka mai duba hoton ya riƙa tunawa cewa ya bi ta hannu fiye da ɗaya, kowane hannu da abin da yake so a gani.

Turawa sun daɗe da wannan sana'a. A Ingila, 'yan'uwa biyu, Samuel da Nathaniel Buck, sun shafe shekaru tun daga wajen 1726 suna buga hotunan kangayen fadoji da majami'u suna sayarwa. Sai dai kangon dutse yana iya jiran mai zane ƙarni biyar. Ganuwar ƙasa ba ta da wannan haƙuri. Rayuwarta yaɓe ne, yaɓe kuwa aikin gayya ne da tsoron hari yake tara wa mutane bayan kowace damina. Da yaƙi ya ƙare bayan zuwan Turawa a 1903, sai dalilin gayyar ya kau. Ruwa ya ci rabonsa, masu haƙar ƙasar tubali suka ci nasu, gonaki da gidaje suka haye sauran.

A ganina wannan ɗan ƙaramin zane na Kurfi ya fi hoton Dala amfani ga mai neman tarihi, don ba a yi shi domin ado ba. Yana nuna inda mahayi zai ci karo da rami, da irin kwana-kwanar da baƙo zai yi kafin ya kai ƙofa, wato lissafin mutanen da aka taɓa kora daga gidajensu sau ɗaya.